Tafiya Gembu a kan Boxer: me zan ɗauka saboda faci?

Ɗan Jekadafari: Assalamu alaikum, jama'ar gida. Shawara nake nema wajen manya. Abokina zai yi aure a Gembu bayan ruwa ya ɗauke, kuma na ƙudura a kan mashin ɗina zan je. Boxer 100 ne, mai wilin waya da tiyub. Daga Gombe zan bi Kaltungo da Numan in kwana Jalingo, washegari in kama hanyar Bali da Serti in hau dutsen Mambila. Inji ba na jin sa, kwanan nan aka yi masa sabis. Taya ce ke hana ni barci. A cikin gari in ta yi faci turawa nake yi bakin titi, a gyara ina zaune ina danna waya. To a can fa? Me zan ɗauka, me zan bari?

Acaba Ba Wasa: Wa alaikumus salam. Kuɗi kawai za ka riƙe, abokina. Akwai garin da babu mai faci a ƙasar nan? Kada ka loda wa mashin ƙarafa, wahalar banza ce.

Baban Sadiya: Kai yaro, ka taɓa wuce Bali kuwa? Ai ba a cikin gari ake jin tsoron faci ba, tsakanin gari da gari ne. Daga Bali zuwa Serti daji ne sosai, yankin gandun Gashaka Gumti ke nan, kana iya yin tafiya mai nisa ba ka ga rumfa ba. In ka wuce Mayo Selbe kuma ka fara hawa, kwana ce bisa kwana, gefe dutse gefe rami, har ka fita wajen Maisamari. Wa zai tura mashin mai sacacciyar taya a wannan hawan? Kuma ko ka samu mai faci a ƙauye, wani janaretonsa babu mai, wani ba shi da tiyub sai na keke.

Acaba Ba Wasa: Tuba nake, Baba. Iyakata Jalingo.

Oga Mai Faci Jalingo: Ɗan Jekadafari, kafin in lissafa maka komai, amsa min wannan: ka taɓa cire tayar baya da hannunka ka mayar?

Ɗan Jekadafari: Gaskiya a'a, Oga. Amma ina kallo in ana yi.

Oga Mai Faci Jalingo: To nan maganar take. Kallo daban, yi daban. Mutane na zuwa rumfata da jaka cike da kayan aiki sababbi fil, ko ledarsu ba a yage ba, amma mashin ɗin a bayan a-kori-kura aka kawo shi. Kayan ba su yi musu komai ba.

Kuma ta baya na tambaya da gangan, don ita ce ta fi yin faci. Nauyi a kanta yake, sannan ƙusa tana kwance a ƙasa, tayar gaba ta taka ta ta tayar da ita, ta baya ta zo ta same ta a tsaye. Ita ce kuma mai wuyar cirewa: ga sandar birki da notinta, ga ƙarfen da ke riƙe farantin birki, ga dogon ƙarfen da ya ratsa wilin, ga ɗan bututun ƙarfe da ke cike gurbi a gefe, ga robobin da ke cikin hob, wato cibiyar wilin, waɗanda ke zubowa in ka ja wilin. In ba ka san inda kowanne yake zama ba, za ka gama faci lafiya ka kasa haɗa mashin.

Don haka ga aikin gida. Ka samu ranar da babu inda za ka, ka kafe mashin a ƙafa biyu, ka shimfiɗa buhu, ka ɗauki hoton ɓangaren dama da na hagu da wayarka kafin ka taɓa komai. Ka cire wilin, ka sace iskar, ka fito da tiyub, ka mayar, ka ba shi iska, ka haɗa. Duk sifanar da ka ɗauka a wannan aikin ka ajiye ta gefe guda. Abin da ya taru a gefen nan shi ne jakarka. Wanda ba ka taɓa ba, bar shi a gida.

Malam Injiniya: Wannan ita ce magana. In ƙara da cewa da kayan da za ka tafi da su za ka yi gwajin, ba da na makanikin unguwa ba. Notin wilin baya sau da yawa an ɗaure shi da doguwar sifana har da taka ƙafa. 'Yar sifanar da ke zuwa da mashin ba za ta motsa shi ba. Gara ka gano haka a ƙofar gidanku.

Ɗan Jekadafari: Na ji, zan yi. Amma dai a ba ni lissafin kayan, in san abin da zan saya.

Oga Mai Faci Jalingo: Sabon tiyub shi ne na farko, kuma shi ne babba. A hanya ba a tsayawa faci in akwai tiyub, canzawa ake yi a wuce, wanda ya huje a liƙe shi da daddare a masauki cikin natsuwa. Duba gefen tayarka za ka ga lamba, irin 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Ta farko faɗin taya ne, ta biyu girman wili, duka a inci. Akwai tiyub da aka rubuta wa 2.75/3.00-17, yana shiga duka biyun. Lambar ƙarshen ce ba a wasa da ita: na 18 ba na 17 ba ne, in ka cusa shi zai naɗe a ciki, kuma wurin naɗin nan ne zai tsage.

Sai liba, ƙarfen ɗaga bakin taya, guda biyu, uku ta fi daɗi, masu santsin baki. Ba sukudireba ba, don Allah. Rabin tiyub ɗin da ake kawo min da huji biyu, na biyun sukudireba ce ta yi shi. Sai famfo, gejin auna iska, faci manya da ƙanana, sholisho, guntun sanfefa, makullin bawul da 'ya'yan bawul biyu, filaya don zare ƙusa, ɗan sabulu, tocila ta goshi. Shi ke nan.

Hajiya Mai Kayan Mashin: Oga, ka bar ni in sa baki kan sholisho, tunda ni nake sayarwa. Kada ya ɗauki wanda aka taɓa buɗewa. Da zarar an huda bakinsa ya fara bushewa ke nan, ko an rufe, balle a ƙarƙashin kujerar mashin da zafi. Ƙanana biyu da ba a fasa ba sun fi babba ɗaya. Tiyub kuma, ɗana, ka buɗe kwalin a gaban mai shago, a ba shi iska a gani. Wani ya daɗe a ajiye har wajen ninkin ya fara tsattsagewa. In ka saya, ka barbaɗa masa hoda, ka sa a tsohuwar safa, kada ka haɗa shi jaka ɗaya da liba da sifana. Girgizar hanya kaɗai ta isa ƙarfe ya goge shi ya huje tun ba a yi amfani da shi ba.

Ɗan Jekadafari: Na gode, Hajiya. Wannan ta safa ban taɓa ji ba.

Tubles Kawai: Ni duk wannan dogon lissafin dariya yake ba ni. Wace shekara muke? Ka canza wili zuwa na alminiyom ka sa tubles, tayar da ba a sa mata tiyub. Ƙusa ta shiga, iska ba ta fita lokaci ɗaya, kana iya kaiwa gari. In ma ka tsaya, ka zare ƙusar, ka soka igiyar nan mai danƙo, ka yanke, ka ba da iska. Ko wilin ba za ka cire ba. Kafin mai tiyub ya kwance notin farko ka yi nisa.

Malam Injiniya: A kan kwalta mai kyau ban ƙi maganarka ba, kuma gaskiya ne tubles ta fi aminci wajen sacewa a hankali. Tiyub in ya fashe kana gudu, lokaci guda iskar ke tafiya. Amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Tubles bakin wili take kamawa ta riƙe iska. Ka faɗa rami da ƙarfi bakin wilin ya lanƙwashe ko ya tsage, iska ta samu hanya, igiyarka ba ta da aikin yi. Haka in dutse ya yanki gefen tayar, igiya ta tsakiyar taya ce inda take taka ƙasa, ba ta gefe ba. Sannan in bakin tayar ya saki wili, famfon hannu da wuya ya mayar da shi, sai injin iska mai bugawa da ƙarfi. Wilin waya kuwa ko ya lanƙwashe tiyub na riƙe da iskarsa, a buga da guduma a ci gaba.

Tubles Kawai: To ai shi ya sa nake ɗaukar tiyub ɗaya a jaka ko da tubles ɗin.

Baban Sadiya: Ashe dai ka dawo gidan Oga Mai Faci. In za ka sa tiyub ɗin ai sai ka cire wili, sai ka nemi liba.

Tubles Kawai: Baba, ka kama ni. Amma sau nawa hakan ke faruwa?

Oga Mai Faci Jalingo: Ba gardamar wace ta fi ba ce yanzu. Yaron nan wilin waya gare shi, kuma bai kamata ya canza wili ana gobe tafiya ba. Wani abu kuma da nake gani: mutum ya sayi taya an rubuta tubles a jikinta ya ɗora a wilin waya, yana zaton ya rabu da tiyub. Iska za ta bi ramukan wayoyin ta fita. A wilin waya dole tiyub, ko me aka rubuta a tayar.

Na Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan abin da ke cin tayar moto ƙaya ce, ta aduwa da makamantanta, ba ƙusa ba. Abin da na koya: in ka fito da tiyub, kada ka yi gaggawar sa sabo. Ka zura hannu da tsumma ka shafa cikin tayar kewaye, a hankali. Ƙaya tana karyewa ta bar kanta a cikin roba, daga waje ba ka ganin komai, ka sa sabon tiyub ka yi 'yar tafiya ta sake huda shi. Tsumman zai kama ta kafin ta kama yatsanka. Kuma ka duba robar da ke rufe kan wayoyi a cikin wili. In hujin yana ɓangaren ciki na tiyub, wanda ke kallon wili, to ba daga hanya ba ne, kan waya ne ya fito.

Oga Mai Faci Jalingo: Allah ya biya ka, mutumin Damagaram. Huji da kansa yana faɗin abin da ya yi shi, in mutum zai duba. Ɗaya a bayan tiyub, ƙusa ko ƙaya. Biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, ka daki bakin rami, wili ya matse tiyub. In kuma gindin bawul ne ya yage, shi ma ƙarancin iska ne: tayar tana zamewa a kan wili tana jan tiyub, har bawul ya tsinke. Wannan ba ya faci a hanya, sai sabo. Shi ya sa nake cewa kada a ɗaure ɗan notin bawul ya matse jikin wili. A bar shi sama kusa da murfi. In ka ga bawul ya fara karkata, gargaɗi ne, ka sace iska ka daidaita.

Ɗan Jekadafari: To iskar nawa ya kamata? Mai facin unguwarmu da yatsa yake ƙwanƙwasawa ya ce ta yi.

Malam Injiniya: Yatsa ba geji ba ne. Ga ƙananan mashina irin naka, abin da kamfani ke rubutawa yana wajen 25 a gaba a ma'aunin PSI na geji, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da goyo ko kaya. Duba littafin mashin ɗin ko takardar da ke manne a jikinsa ka tabbatar. Da safe ake aunawa kafin a hau. In ka auna da rana bayan doguwar tafiya za ka ga ta hau, kada ka rage, zafi ne, za ta sauko da kanta. Ka sake aunawa da safen da ka kwana a kan dutse, domin tsaunin Mambila ya haura mita 1,500 kuma sanyinsa ba irin na Gombe ba ne.

Na Damagaram: Mu da kilo muke lissafi. Kilo 2 shi ne wajen 29 a gejinku, in wani ya tsallako ya ji ana faɗa.

Acaba Ba Wasa: Ni fa na fi son ta yi tauri sosai, mai ya fi auki.

Baban Sadiya: A jar ƙasar Mambila in ta sha raɓa ko yayyafi, taya mai tauri zamewa take yi. Bi abin da aka rubuta kawai.

Hajiya Mai Kayan Mashin: Tun da ana maganar iska, a gwada famfon a gida. Yawancin famfon keke bakinsa na bawul ɗin keke ne, na mashin kuwa irin na mota ne. Na ga wanda ya saya bai gwada ba ya dawo yana faɗa da yarana.

Tubles Kawai: Akwai ƙaramin famfo na lantarki mai caji, yana shiga aljihun jaka, har geji gare shi.

Malam Injiniya: Yana da kyau, ina da shi. Sai dai caji na ƙarewa, kuma mai haɗawa da batir yana iya shanye ɗan batirin Boxer in inji ba ya aiki. Tayar mashin ƙarama ce, famfon ƙafa ko na hannu yana cika ta ba tare da an galabaita ba. In ɗaya zan zaɓa don hanyar daji, wanda ba ya buƙatar wuta zan ɗauka.

Ɗan Jekadafari: Oga, wajen mayar da tayar fa? Nan nake ganin kuna zufa.

Oga Mai Faci Jalingo: Wanda bai san sirrin ba ne ke zufa. Tsakiyar wili akwai kwari. In kana ɗaga bakin taya da liba ta nan, to ɗaya ɓangaren da ke fuskantarka dole ya faɗa cikin kwarin nan, ka danne shi da gwiwa. Shi ke ba ka sarari. Duk lokacin da ka ji kana kokawa da liba, tsaya, bakin can ne ya fito daga kwari. Ƙarfi ba ya sa taya, yaga bakinta yake yi.

Kafin ka zura tiyub, ba shi 'yar iska ya ɗan yi siffa, don kada ya kwanta liba ta cije shi. Bawul za ka fara sawa a raminsa. Shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ban da baƙin mai ko giris, suna cin roba kuma suna sa taya ta zame a wili. Kana ɗaukar kaɗan-kaɗan da liba, kada ka zura ta can ciki, kada kuma ka kwantar da ita gaba ɗaya. In taya na da kibiya a gefe, ta kalli inda wili ke juyawa. Bayan ka haɗa, ka daidaita sarƙa, ka mayar da notin birki, ka taka birkin ka ji ya kama kafin ka hau. A gangaren dutsen nan ba a gwada birki.

Faci kuma, in ya zama dole: goge wurin da sanfefa ya fi facin faɗi, shafa sholisho siriri, sannan ka jira ya bushe har ya daina sheƙi, wajen minti biyar. Nan kowa ke faɗuwa, gaggawa. A ɗanyen sholisho faci ba ya kamawa. Kada ka taɓa wurin da yatsa, ka ɗora, ka murza da gindin sifana daga tsakiya zuwa baki.

Acaba Ba Wasa: Ruwan nan da ake ɗurawa a tiyub ya toshe huji da kansa fa?

Oga Mai Faci Jalingo: Yana toshe na ƙaya da ƙaramar ƙusa, ban hana ba. Yaga ba ya toshewa. Kuma in ya jiƙe tiyub, sai an wanke an shanya kafin faci ya kama. In ka sa, ka gaya wa mai faci tun kafin ya buɗe.

Baban Sadiya: Duk kun yi maganar bayan faci. Ni kafin faci zan yi. Ɗan nan, tayar da ke kan mashin ɗin yaya take? In zanenta ya kusa shafewa, canza ta tun a Gombe, ka yi 'yan kwanaki kana hawa kafin tafiya. Taya mai sanƙo ko tsinke huda ta yake yi.

Malam Injiniya: Kuma in zai saya ya duba shekarunta. A gefe akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, misali 2324, wato mako na 23 a shekarar 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take cewa daga ranar ƙira. Taya na iya zama sabuwa a ido, da gashinta, amma ta tsufa a sito, roba ta bushe.

Ɗan Jekadafari: Na fita na duba yanzu. Ta gaba da sauranta, ta baya tsakiyar ta kusa shafewa, tiyub ɗinta kuma faci uku ne a jiki in ban manta ba.

Hajiya Mai Kayan Mashin: To ka ga amsa. Sabuwar taya da sabon tiyub a baya, wani sabon a jaka. Mai faci ukun in yana riƙe iska ka tafi da shi a matsayin na biyu.

Oga Mai Faci Jalingo: Kuma ga damar gwajinka ta samu. Kada ka ba kowa ya sa maka sabuwar tayar. Kai ta wurin mai facin unguwarku, ka biya shi kuɗin aikinsa cif, amma ka ce ya zauna ya kalle ka, kai za ka yi. Da tsohon tiyub za ka fara, in liba ta cije shi babu asara.

Baban Sadiya: Ƙari biyu daga wajena. In ta sace kana gudu, kada ka damƙe birki. Saki mai, riƙe kan da kyau, bar shi ya rage da kansa, in za ka taɓa birki to na ƙafar da ke lafiya, a hankali. Na biyu, ka bar Jalingo da sassafe, don ko faci ya tsayar da kai ka gama hawan da sauran rana. Hazo na rufe dutsen nan da yamma, kuma ba hanyar dare ba ce. Ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ka tashi, ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don akwai wuraren da waya ba ta kamawa balle tiransifa.

Na Damagaram: In komai ya ƙare, tiyub biyu sun tafi, mutanen daji na cusa ciyawa ko tsummoki a tayar su lallaɓa zuwa gari. Tayar ba za ta ƙara moruwa ba, amma wili ya tsira.

Oga Mai Faci Jalingo: Allah ya sa kada a kai nan. Ɗan Jekadafari, in ka iso Jalingo ka yi min magana ta akwatin saƙo, in auna maka iska in duba wayoyin wilin kafin ka kama hanyar Bali.

Ɗan Jekadafari: In sha Allahu, Oga. Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya, Malam, da kowa. Asabar zan yi gwajin. Tambaya ta ƙarshe: libar nan, doguwa zan saya ko gajera?

Oga Mai Faci Jalingo: Kamar tsawon tafin hannu da rabi ta isa tayar Boxer. Doguwa tana ba sabon hannu ƙarfin da zai yi ɓarna. In bakinta na da kaifi ka goge shi da sanfefa kafin Asabar ɗin.